Yadda Ake Renon Jaririyar Kyanwa Mai Rauni da Shayar da Ita da Hannu

Mage takan haifi 'ya'ya uku zuwa biyar a ciki ɗaya, kuma sau da yawa akan sami guda a cikinsu wadda ta fi sauran ƙanƙanta, 'yan'uwanta suna ture ta daga nono, ita kuwa ba ta da ƙarfin komawa. Wani lokaci kuma uwar ce ta mutu ko ta ɓace, ko yara suka tsinto jaririyar cikin kwali a bakin bola, idonta a rufe, cibiyarta ma ba ta faɗi ba. Duk wanda ya ɗauki irin wannan halitta a tafin hannunsa, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya ɗura mata madara. Tausayi ne ke kawo wannan tunani, amma sau da yawa shi ne ke ƙarasa ta. Buƙatunta suna da jeri, kuma jerin ba ya sauyawa: ɗumi da farko, sannan sukari idan ta galabaita, madara kuwa ita ce ta ƙarshe, ita ma kaɗan-kaɗan.

Mataki na farko: ɗumi

Jaririyar kyanwa ba ta iya riƙe zafin jikinta da kanta sai ta kai mako uku zuwa huɗu. Kafin nan jikin uwa da na 'yan'uwa ne bargonta. A makon farko zafin jikinta yakan kasance tsakanin digiri 35 da 37, wato ƙasa da na babbar mage, kuma idan ya sauka ƙasa da 34 da rabi hanjinta yakan daina aiki. Madarar da aka ba ta a wannan hali ba za ta narke ba. Za ta zauna a ciki ta lalace, ko ta dawo ta shiga huhu. Wannan ne dalilin da ya sa ba a shayar da jaririyar da jikinta ya yi sanyi, komai kukan yunwar da take yi.

Ba kowa ne yake da ma'aunin zafi a gida ba, saboda haka a taɓa tafin ƙafarta da kunnenta, sannan a saka ɗan ƙaramin yatsa mai tsabta a bakinta. Idan cikin bakin ya yi sanyi, to sanyi ya kama ta sosai. Hanya mafi aminci ita ce mutum ya naɗe ta da ƙyalle mai laushi, ya sa ta cikin rigarsa a kan ƙirji, yana ɗan shafa ta a hankali, tare da gorar ruwan ɗumi a gefenta, domin ɗumin jikin mutum shi kaɗai ba ya wadatarwa idan ta yi nisa. Ɗumamawar tana ɗaukar awa ɗaya zuwa uku, kuma haka ake so. Kada a tsoma ta a ruwan zafi, kada a ajiye ta a rana tsaka, kada kuma a kai ta bakin murhu, domin zafin da ya zo farat ɗaya yana jigata zuciyarta kuma yana busar da ruwan jikinta.

Bayan ta ɗumama sai a shirya mata makwanci. Kwali mai ɗan tsayi ya isa, a shimfiɗa tsohon tawul ko zane mai laushi wanda ba shi da zare da zai naɗe mata ƙafa. A cika gorar roba da ruwan zafi, a naɗe ta da tawul ninki biyu, a ajiye a gefe ɗaya na kwalin, a bar ɗaya gefen babu komai domin ta iya rarrafawa ta nisanci zafin idan ya yi mata yawa. Wasu sukan zuba ɗanyar shinkafa a cikin safa su ɗumama ta, ita ma tana riƙe zafi na ɗan lokaci. Abin da ake nema a cikin kwalin shi ne kimanin digiri 30 zuwa 32 a makon farko, a riƙa ragewa sannu a hankali har ya sauko wajen 24 a mako na huɗu. A daren hunturu gorar takan huce cikin awa biyu ko uku, don haka ajiye ruwan zafi a filas kusa da shimfiɗa yana rage wahalar tashi. Kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe haɗari ne ga jaririyar da mai renonta baki ɗaya. A bazara kuma matsalar takan juye: ɗakin kwano da rana yana iya yi mata zafi fiye da kima, alamar hakan kuwa ita ce ta miƙe a can nesa da gora, tana buɗe baki, tana kuka ba ƙaƙƙautawa.

Mataki na biyu: sukari, idan ta langaɓe

Jikin wannan 'yar halitta ba shi da ajiyar kuzari. Awanni kaɗan ba tare da nono ba sun isa sukarin jininta ya faɗi, sai a ga ta yi laushi kamar tsumma, kanta yana lilo, ba ta neman nono, wani lokaci ma jikinta yana karkarwa. A nan ba a jiran ta gama ɗumama. A narka sukari ko garin gulukos a cikin ɗan ruwan ɗumi da aka tafasa, ya yi kauri-kauri, a dangwala da yatsa a shafa mata a dasashi da kan harshe, ɗigo ɗaya kawai, a maimaita bayan kowane minti uku zuwa biyar alhali ana ci gaba da ɗumama ta. Shafawa ake yi, ba ɗurawa ba, domin wadda ba ta iya haɗiya za ta ƙware. Idan ƙarancin sukari ne matsalar, sau da yawa takan fara motsi da ɗaga kai cikin rabin awa ko awa guda. Idan ba ta farfaɗo ba, lamarin ya wuce na gida.

Mataki na uku: sikeli

A ganina babu kayan aikin da ya fi ƙaramin sikelin girki muhimmanci a wannan reno, irin mai auna giram ɗaya-ɗaya wanda masu yin kek suke amfani da shi. Ido yana ruɗin mai reno, musamman wanda ya kwana bai yi barci ba yana fatan ganin sauƙi. Lafiyayyar jaririya takan zo duniya da nauyin giram 90 zuwa 110. Wadda ta gaza giram 75 tana cikin haɗari babba tun daga ranar farko. Daga nan ana sa ran ta riƙa ƙara giram 10 zuwa 15 kowace rana, ta ninka nauyin haihuwarta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma.

A auna ta kullum a lokaci ɗaya, kafin shayarwa, a cikin ƙaramin kwano da aka shimfiɗa wa ƙyalle, a rubuta a takarda tare da adadin madarar da ta sha da lokacin da ta yi kashi. Ga mai rauni ƙwarai, aunawa safe da yamma ta fi. Raguwar 'yan giram a ranar farko ta haihuwa ba abin tashin hankali ba ce, amma idan nauyin ya tsaya cik na kwana guda, ko ya fara komawa baya, to wani abu ya lalace, kuma sikeli yakan nuna haka tun kafin jikinta ya nuna. Wannan takardar ce kuma abu na farko da likitan dabbobi zai so ya gani.

Mataki na huɗu: wace madara?

Idan uwar tana nan kuma tana da nono, to ba a raba su. Nonon farko, wato dakashi, yana ɗauke da garkuwar da jaririya za ta dogara da ita a makonnin farko, kuma hanjinta ba ya iya karɓar wannan garkuwa sai a cikin kwana ɗaya na farkon rayuwa. A ɗauke manyan 'yan'uwan na minti goma sha biyar zuwa ashirin a sa su a kwali mai ɗumi, a matso ɗigon nono, a kai bakin mai raunin, a tallafe ta har ta kama. Nonuwan da ke kusa da ƙafafun baya sun fi ruwa. Sai a cike gibin da shayarwar hannu. Idan kuma babu uwa, a bincika unguwa ko akwai wata mage mai shayarwa, domin maguna da yawa sukan karɓi ɗan da ba nasu ba idan aka goga masa ƙyallen makwancin 'ya'yanta, amma a tsaya a kansu har a tabbatar ta karɓe ta.

Inda duk wannan bai samu ba, abin da ya dace shi ne madarar da aka haɗa musamman domin jariran kyanwa, irin su KMR da Royal Canin Babycat Milk, waɗanda akan samu a shagunan kayan dabbobin gida na manyan birane da wasu asibitocin dabbobi. A bi ma'aunin da ke jikin gwangwanin. Na garin KMR shi ne awo ɗaya na gari a awo biyu na ruwan ɗumi. A shayarwa biyu ko uku na farko yana da kyau a ɗan tsinka ta fiye da haka har cikin ya saba.

Madarar shanu ba ta dace ba, ko ta gari ce ko ta ruwa. Nonon mage ya fi na saniya sinadarin gina jiki da maiƙo nesa ba kusa ba, na saniya kuma yana da sukarin madara da yawa wanda ke jawo gudawa, gudawa kuwa ga halittar da ba ta kai giram ɗari ba tana iya kashewa cikin yini ɗaya. Haka nan madarar jariran mutane, da madara mai zaƙi mai kauri ta gwangwani, da kunu, da koko, da nono mai tsami, duk ba abincinta ba ne. Sai dai na san akwai wanda zai tsinci jaririya da daddare a garin da babu irin wancan shago. Shi abin da zai yi shi ne ya sami nonon akuya kofi ɗaya, ya tafasa shi ya bar shi ya huce, ya kaɗa gwaiduwar ƙwai ɗaya a ciki ba tare da farin ba, ya tace. Wannan haɗi na riƙon ƙwarya ne, na kwana ɗaya ko biyu kafin a aiko da ta gaskiya; wanda ya dogara da shi makonni zai ga girma ya tsaya.

Batun ajiya yana da muhimmanci inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Madarar da aka dama tana kwana ɗaya ne kawai a firji mai sanyi, wadda aka ɗumama ta rage kuwa zubarwa ake yi. Idan babu tabbacin firji, a riƙa dama daidai abin da za ta sha a kowane lokaci, da ruwan da aka tafasa.

Mataki na biyar: shayarwar kanta

A nan ne ake samun ta ko a rasa ta, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Ga jaririya mai rauni, sirinji na mililita 1 wanda aka cire wa allura ya fi bulunboti, domin yana nuna ainihin abin da ta sha kuma ba ya buƙatar ƙarfin tsotsa sosai. Idan an sami ɗan kan roba mai laushi da ake sawa a bakin sirinji, ya fi daɗi gare ta. Wanda zai yi amfani da bulunbotin kyanwa ya lura da hudar kan: idan aka kifa shi, madara ta riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya, kada ta zubo. A ɗumama madarar ta hanyar tsoma mazubinta a kofin ruwan zafi, a ɗiga a tsintsiyar hannu. Ya kamata a ji ta da ɗumin jiki, kimanin digiri 37 zuwa 38.

A kwantar da jaririyar ruf-da-ciki a kan tawul, ƙafafunta huɗu a ƙasa, kanta a ɗan ɗage kaɗan, kamar yadda take kwanciya a jikin uwarta. Ba a taɓa shayar da ita a rigingine kamar jaririn mutum, domin a wannan kwanciya madara takan bi hanyar numfashi ta shiga huhu, ta haifar da ciwon huhu mai wuyar magani. A tallafe kan da hannu ɗaya, a sa yatsa ɗaya a hankali a maƙogwaronta domin a riƙa jin haɗiya, a zura bakin sirinjin ta gefen baki zuwa kan harshe. A ɗiga ɗigo ɗaya, a jira ta haɗiye, sannan a ƙara. Idan ta kama da kyau za a ga harshenta ya naɗe kan robar, kunnuwanta suna motsi, ƙafafun gaba suna tattaka tawul. A bar ta ta ja da kanta, yatsan mai reno yana bin ta kawai, ba ya tura mata. Mililita biyu na iya cin minti goma, kuma ba ɓata lokaci ba ne.

Cikinta ba ya ɗaukar fiye da kimanin mililita 4 a kan kowane giram 100 na nauyinta a zama ɗaya, abin da take buƙata a yini da dare kuwa ya kai wajen mililita 25 a kan kowane giram 100. A ɗauki misalin jaririya mai giram 80: tana buƙatar kimanin mililita 20 a awa 24, cikinta kuma ba ya wuce mililita 3. Idan aka ba ta mililita 2 duk bayan awa biyu, dare da rana, an biya buƙatarta ba tare da an cika mata ciki ba. Idan ta yi rauni har ba ta iya shan hakan, a koma rabin mililita zuwa ɗaya duk awa. A mako na biyu, lokacin da ta kai giram 150 zuwa 250, takan sha mililita 6 zuwa 10 duk awa biyu zuwa uku. A mako na uku kuma 10 zuwa 14 duk awa uku zuwa huɗu. Shayarwar dare ba ta da makawa a makonni biyu na farko, saboda haka ya kyautu mutum biyu su raba daren, a sa ƙararrawar waya. Wanda ya ce zai cika mata ciki da ƙarfe goma sha ɗaya domin ya yi barci har asuba, zai haɗa mata kumburin ciki da faɗuwar sukari a dare ɗaya.

Idan madara ta fito ta hanci, ko ta fara tari, ko aka ji ƙara kamar kumfa a numfashinta, a dakata nan take, a sunkuyar da kanta ƙasa kaɗan, a goge hancin, a shafa bayanta a hankali. Kada a wujijjiga ta. Idan hakan yana faruwa a kowace shayarwa duk da an bi a hankali, a haska cikin bakinta a duba ganda, domin wasu akan haife su da tsaga a wurin. Wadda kuma ba ta tsotsa ba ta haɗiya sam, ba a tilasta mata. Akwai hanyar zura siririn bututu har ciki, amma wannan aikin likitan dabbobi ne ko wanda likita ya koya wa hannu da hannu.

Bayan ta ƙoshi, a ɗora ta a tafin hannu a ɗan bubbuga bayanta da yatsa har ta yi gyatsa, a goge fuskarta da ƙyalle mai ɗumi, a busar da ita sarai kafin a mayar da ita kwali. Cikin da ya ƙoshi yakan yi ɗan tudu mai laushi. Idan ya yi tauri kamar ganga, an wuce gona da iri. Sirinji da mazubi a wanke su da ruwan zafi bayan kowane amfani.

Mataki na shida: fitsari da kashi

Mutane da yawa ba su san cewa jaririyar kyanwa ba ta fitsari ko kashi da kanta ba sai ta kai kimanin mako uku. Lasar da uwa take yi mata a ƙasan ciki ita ce ke sa ta yi. Mai reno zai maye gurbin harshen uwa da auduga ko ƙyalle mai laushi da aka jiƙa da ruwan ɗumi, yana shafa gabanta da duburarta a hankali a kowace shayarwa har ta gama. Fitsari ya kamata ya zo kowane lokaci, launinsa fari-fari mai ɗan rawaya. Idan ya yi rawaya sosai ko ya ragu, kuma dasashinta ya bushe yana danƙo, ruwan jikinta ya yi ƙasa. Kashi yakan zo sau ɗaya ko biyu a rana, ruwan ɗorawa, mai kaurin man goge baki. Idan ya tsinke, yawanci an ba ta da yawa ne ko madarar ta yi kauri, sai a rage adadi a ɗan tsinka. Idan kwana biyu suka wuce babu kashi, ko ciki ya kumbura tana kuka, a nemi likita maimakon a ɗura mata mai.

Ƙuma, ido, cibiya, da abubuwan da ke kashe kyanwa

Ƙuma tana shan jinin jaririya har dasashinta ya koma fari, kuma ƙuma kaɗan sun isa. A cire su da mataji mai ƙananan haƙora ko da yatsu, a riƙa jefa su cikin ruwan sabulu, a sauya shimfiɗa kullum. Kada a kusantar da ita da maganin ƙwari ko wane iri, ko na feshi, ko na sauro mai hayaƙi, ko maganin ƙuma na karnuka, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin fametirin wanda guba ne ga kyanwa. Dettol da Izal ma ba a wanke ta ko makwancinta da su. Farasitamol kuwa, wanda muke sha ba tare da tunani ba, yana kashe ko babbar mage, balle jaririya. Kada a ba ta wani maganin mutane sai da umarnin likitan dabbobi.

Cibiya takan bushe ta faɗi da kanta cikin kwana uku zuwa biyar, ba a jan ta. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura, ko yana fitar da mugunya, alamar cuta ce mai saurin shiga jini. Ido yakan buɗe tsakanin kwana bakwai da goma sha huɗu, ba a buɗe shi da ƙarfi. Idan fatar idon ta kumbura ko kwantsa ta manne ta, a dafa da auduga mai ɗumi a kai ta a duba.

Akwai alamomin da ba a kwana da su: ƙin shan madara sau biyu a jere, numfashi da baki a buɗe, dasashi fari ko shuɗi-shuɗi, gudawar da ta wuce yini, fitsari ja ko ruwan ƙasa, kukan da ba ya tsayawa ko bayan ta ƙoshi ta ɗumama, da jikin da ke sake yin sanyi duk da gora tana nan. A tafi da ita cikin kwalinta da gorar ɗumi da takardar awo. Asibitin dabbobi na gwamnati da ke gari yana iya ba ta ruwa ta ƙarƙashin fata, kuma jami'o'in da ke koyar da likitancin dabbobi, kamar Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, suna da asibitocin koyarwa da ke karɓar ƙananan dabbobi. Dole kuma a faɗi gaskiya: wasu jariran akan haife su da lahani a ciki wanda babu renon da zai gyara, kuma sukan mutu a hannun wanda bai yi kuskuren komai ba.

Daga mako na huɗu

Idan ƙananan haƙora suka fito, ta fara tafiya da ƙafafunta tana cizon kan sirinji, nauyinta kuma ya doshi giram 400 zuwa 450, lokacin fara yaye ya yi. A dama abincin 'ya'yan kyanwa na gwangwani da madararta ya yi ruwa-ruwa, ko a niƙa dafaffen naman kaza marar gishiri da albasa a haɗa da madarar, a ba ta a yatsa, daga baya a faranti marar zurfi. Wadda aka haifa da rauni takan makara da mako ɗaya ko fiye, don haka nauyinta za a bi, ba kwanakinta ba, kuma a ci gaba da ba ta madara da sirinji har sai sikeli ya nuna tana ƙaruwa da abincin da take ci da kanta. A ajiye mata ruwa mai tsabta a ƙaramin murfi, da faranti mai yashi a kusurwa, a riƙa ɗora ta a kai bayan cin abinci. Maganin tsutsar ciki likita ne zai auna mata gwargwadon nauyinta, allurar rigakafi ta farko takan zo a mako na shida zuwa na tara, ta ciwon haukan kare kuma idan ta cika wata uku.